Shanun Audi, Yatsun Zinariya

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Malam Jibril da na Audi a Unguwar Kanya, wani ƙauye da ke gabas da Sandamu. Tare suka tashi, tare suka yi kiwo, kuma a shekara ɗaya suka yi aure. Malam Jibril yana karantar da magidanta a zaurensa daga bayan sallar asuba har hantsi, yana kuma da shanu bakwai da ya gada. Audi dillalin shanu ne, kwana huɗu a mako yana kara, wato kasuwar shanu, yau Mai'aduwa, gobe Mashi, jibi Daura. Nasa garken shanu goma sha ɗaya ne. Matansu ne ke tatsa, Zinariya ta Malam da Lami ta Audi, kuma sun ma fi mazan shaƙuwa. Garkunan biyu suna bayan gari, gonar gero ce kawai a tsakaninsu, rijiya ɗaya kuma suke sha.

Da damina ta kankama, Audi ya dawo daga Mai'aduwa da wata jar saniya 'yar Nijar da maraƙinta. Doguwa ce, gashinta na sheƙi, hantsarta cike. Mutane suka yi ta zuwa kallo, Audi na tsaye yana shafa bayanta yana ba da labarin yadda ya riga wasu dillalai uku kama igiyarta. Malam Jibril ma ya zo ya sa albarka.

Bayan kwana goma, Zinariya ta tsuguna tatsa sai Goje, tsohuwar saniyarsu da ba ta taɓa ɗaga ƙafa ba, ta yi harbi ta kusa kifar da ƙwarya. Da ta duba sai ta ga ƙuraje a kan nonon, jajaye, wasu sun yi ɓamɓaroki kamar zobe. Ta duba sauran, ta sami irinsu a jikin wata. Malam ya ce a bar wa maruƙa waɗannan biyun, a daina tatsarsu. Da yamma kuma, a bakin rijiya, a gaban mutane, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin irin wannan a garkensa ba sai da baƙuwa ta fara sa baki a kwamin ruwansu.

Kafin magariba maganar ta isa kunnen Audi. Mako na zagayowa ƙurajen suka fito wa shanunsa huɗu, shi ma ya tsaya a bakin rijiyar ya ce jar saniyarsa lafiyarta lau, kowa ya zo ya duba, kuma kowa ya san garken da abin ya fara.

Daga nan zumunci ya yi sanyi. Ba su daina sallama ba, don Malam ya san hukuncin gaba, amma sallamar ba ta wuce kalma biyu. Audi da ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Malam a sahu ya koma can ƙarshe wajen taga. Kowa ya sa wa shanunsa lokacin shan ruwa dabam. Malam ya ce da Zinariya kada ta ƙara taka garken Audi, kada ta kwaso musu ƙari. Audi ma ya faɗa wa Lami haka. Matan suka ce to, suka ci gaba da hirarsu ta kan katanga idan mazan sun fita.

Wata safiya Lami ta sunkuya za ta ɗaga jarkar ruwa, bayanta ya riƙe. Da rarrafe ta koma ɗaki. Audi ya tafi Mashi tun asuba, 'ya'yansu mata duk suna gidajen aurensu. Zinariya na dawowa daga tata tatsar ta ji shanun Audi na ta kuka, irin kukan saniyar da nono ya cika mata. Ta leƙa ta katanga.

"Lami, lafiya? Rana ta yi, ban ji motsinki ba."

"Bayana ne, Zinariya. Ko zama na kasa."

"Ina ƙwaryarki?"

"Ke kin manta abin da Malam ya ce?"

"Malam yana zaure da ɗalibansa. Gero kuma ya fi ni tsawo. Faɗa mini inda take."

Ta zagaya ta ƙofar baya ta ɗauki ƙwaryar, ta bi ta cikin gero, ta tatse shanun Audi tas, har da masu ƙurajen, don Audi bai hana tatsarsu ba. Kwana tara tana haka. Ranar da Audi ke gida sai ta jira ya fita majalisa. Shi dai yana ganin nono a ƙwarya, yana yaba wa Lami da ƙoƙari.

Da bayan Lami ya saki, sai ciwon Zinariya ya taso. Ƙuraje biyu suka fito mata a yatsun dama, ɗaya daidai inda wuƙa ta yanke ta wajen yankan kuɓewa. Suka kumbura suka yi tauri, jajaye da duhu a tsakiya, ga ƙaiƙayi. Malam ya gani ya girgiza kai.

"Kin ga abin da saniyar nan ta jawo mana. Daga shanu ya koma kan mutane."

"Malam, ai ba a tabbatar ba."

"Ni na tabbatar. Za ki iya tatsar kuwa?"

"Zan lallaɓa."

Lallaɓawar ita ce ta ɗauki ƙwarya ta fita, ta zauna a gindin kanya, Lami ta ɓullo daga cikin gero ta tatsar mata, suna hira suna dariya ƙasa-ƙasa. A lokacin ƙurajen shanun Audi sun bushe, amma a garken Malam ƙurajen sun koma kan wata saniya ta uku. Ba a yi mako biyu ba Lami ta wayi gari da nata guda ɗaya a babban yatsa. Audi ya gani ya ce ga shi nan, cutar garken Malam ta bi ta kan shanunsa ta kama masa mata.

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya a ƙofar mai unguwa. Wata mata ta fito da takalman roba da akwatin ƙanƙara. Dakta Adawiyya ce, likitar dabbobi, 'yar cikin garin Daura da ke aiki a jami'a. Tana zagaya ƙauyukan masarautar tana neman shanu masu irin waɗannan ƙuraje da mutanen da suka ɗauka. Tare da ita akwai wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, ita ce mai duba mutane.

Mai unguwa ya kai ta garken Malam, sannan na Audi. Ta sa safar hannu ta ɓamɓari ɗan ɓamɓaroki daga nonon kowace saniya mai alama, ta sa a 'yar kwalba ta rubuta lamba. A garken Audi sai da ta duba da kyau kafin ta sami ragowar da bai faɗi ba a jikin biyu. Audi ya nace sai ta duba jar saniyar. Ta duba nononta, ta buɗe bakin maraƙin, ta goga auduga ta sa a kwalba.

Da aka zo kan matan, ta nemi yardarsu da ta mazansu. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗauki kaɗan daga kan ƙurjin kowacce. Zinariya ta tambayi abin da ya fi damunta.

"Likita, yatsan zai guntule?"

"Ba zai guntule ba, Inna. Mako biyar ko shida zai warke da kansa, da wuya ma ya bar tabo. Kada dai ki matse shi, kada ki sa masa toka. Ki rufe shi da tsumma mai tsabta, ki wanke hannu da sabulu kafin tatsa da bayanta. Masu ƙurajen a tatse su a ƙarshe, nonon kuma a tafasa."

"To mene ne shi?"

"Ƙwayar cuta ce, dangin agana na nesa, amma ita ba ta da wannan mugunta. Masu tatsa a ko'ina suna samunta."

Malam Jibril ya tare ta a bakin mota ya ce shi tambayarsa ɗaya ce, daga ina cutar ta zo. Audi na tsaye nesa kaɗan, ya juya baya amma kunnensa na wajen. Dakta ta ce yanzu ba ta sani ba, sai an karanta abin da ke cikin kwalaben, kuma ta yi alkawarin dawowa da kanta ta faɗa musu.

Sai da aka yi mako bakwai. Yatsun Zinariya sun warke sumul, na Lami ma haka, gero ya fitar da kai. Wata ranar Laraba da hantsi motar ta dawo. Dakta Adawiyya ba ta nemi mazan ba. Ta shiga wajen Zinariya, ta roƙa a kira Lami. Lami ta shigo ta ƙofar baya. Dakta ta zauna a tabarma, ta sha furar da aka dama mata, ta ajiye ludayin.

"Iyayena, na zo da sakamako, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Da farko na ɗauka mun rikita kwalabe. Na sa aka sake gwadawa, aka sami abu ɗaya. Shi ya sa na ce bari in fara ganinku kafin in ga su Baba."

Matan suka kalli juna.

"Cutar garken Malam dabam, ta garken Baba Audi dabam. Wadda ke yatsunki, Inna Zinariya, ta shanun Baba Audi ce. Wadda ke yatsanki, Inna Lami, ta shanun Malam ce."

Lami ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suka fara rawa. Zinariya ta yi ƙoƙarin daurewa ta kasa. Suka yi ta dariya har hawaye, Lami na riƙe da ƙugu tana cewa kada bayanta ya sake riƙewa. Dakta ta jira su tana murmushi.

"Wato kwalba ce ta tona mu," in ji Zinariya tana share ido. "Wata uku ba wanda ya gan mu, ko tsuntsu."

Suka ba ta labari tun daga jarkar ruwa. Dakta ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce abin da ke jikin mutum sirrinsa ne. Za ta faɗa wa mazan na shanu, na yatsu kuwa ba za ta ambata ba sai sun yarda.

Lami ta ce gara a bar shi. Zinariya ta juya ludayi a cikin ƙwarya.

"A'a," ta ce. "Na gaji da bin gero. Kuma an kusa girbi, ina za mu ɓuya? Ke faɗi naki, Likita. In kin gama ni zan faɗi namu."

Aka aika wa Audi cewa Likita na nemansa a gidan Malam. Ya daɗe kafin ya zo. Ya yi sallama a ƙofar zaure kamar baƙo, shi da a da sai dai a ji muryarsa a tsakar gida. Malam ya sallami ɗalibai, aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Mazan suka zauna kowa a nasa bakin tabarmar, matan suna bakin ɗaki. Dakta ta fito da takarda mai zane kamar reshen itace.

"Baba Audi, in ka shiga kara ka ga saniya, kana iya gane daga inda ta fito?"

"Ko da ido ɗaya. Ƙaho, tozo, launi, tsayin ƙafa. Har garken da aka haife ta wani lokaci."

"To su ma ƙwayoyin nan haka suke da dangi. Kowacce tana da dogon rubutu a cikinta, da shi take haifar irinta. In ta daɗe tana yawo daga saniya zuwa saniya, sai harafi ɗaya ya canja nan, wani ya canja can, 'ya'yanta su gaji canjin. In muka karanta rubutun biyu muka jera su, muna gane waɗanda suka rabu jiya da waɗanda suka rabu tun da daɗewa."

Malam ya matso, don maganar rubutu ce. "Kamar littafin da aka kwafa da hannu," ya ce. "In mai kwafi ya tsallake kalma, duk wanda ya kwafa daga nasa zai tsallake."

"Haka ne daidai, Malam. To ga ta garkenka a wannan reshe." Ta ɗora yatsa a sama. "Ga ta garken Baba Audi a nan ƙasa. Sunansu ɗaya, ƙuraje iri ɗaya, amma rubutunsu ya bambanta a wurare da yawa. Irin wannan bambanci ba ya samuwa a mako ɗaya ko shekara ɗaya. Taka ta fi kama da waɗanda na samo a wajen Mashi. Ta Baba Audi ta fi kusa da na wasu ƙauyukan Zango. Ba zan iya ce muku ga ranar da kowacce ta shigo ko ga wanda ya kawo ta ba. Tana iya daɗewa a garke ba a lura ba, sai damina ta zo da ƙuda da laima ta bayyana. Abin da na tabbatar shi ne ba garkenka ne ya ba nasa ba, ba nasa ne ya ba naka ba."

"Jar saniyar fa?" in ji Audi.

"Ban sami komai a abin da na ɗauka daga jikinta ba, haka maraƙinta."

Audi ya gyara zama ya kalli Malam, ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya tuna shi ma abin da ya faɗa a bakin rijiya bai tsaya ba, ya rufe. Malam yana ta kallon takardar.

"To ita wannan," ya ce yana nuna Zinariya da haɓa, "ai tata ta garkena ce."

"Malam," in ji Zinariya, "tawa ta shanun Audi ce."

Ta faɗa musu duka ba ta rage ba, da ciwon bayan Lami, da kwana taran, da zaman gindin kanya. Lami ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, amma da aka zo kan nata sai ta ɗaga babban yatsanta ta ce, "Wannan kuma na Malam ne."

Wata kaza ta ratsa ta kan tabarmar ba wanda ya kore ta. Audi ne ya fara magana, a hankali.

"Wato nonon da na yi ta sha ina yabon Lami, hannun matarka ne, Malam."

"Ni kuma mako uku ina shan na hannun taka, ina cewa Zinariya akwai juriya."

Audi ya fara dariya. Ya so ya tsaya ya kasa, har hularsa ta zame. Malam ya daure na ɗan lokaci, gemunsa na motsi, sannan shi ma ya saki. Da suka lafa Malam ya share fuska da hannun riga ya juyo sosai ya fuskanci abokinsa.

"Audi, ni na fara. Na faɗi abin da ban sani ba a gaban jama'a, ni da nake hana mutane zato. Ka yafe mini."

"Na yafe, Malam. Ni ma na rama da abin da ban sani ba. Kuma da matarka ta bi maganarka, da shanuna sun lalace." Ya juya wajen bakin ɗaki. "Zinariya, Allah ya saka da alheri."

"Amin. Amma ka saya wa Lami ƙaramar jarka."

Malam ya ce a bakin rijiya ya yi maganar, don haka a can zai warware ta. Da la'asar kuwa ya je ya tsaya a gaban masu shayarwa ya ce ya yi kuskure. Ya so ya yi musu bayanin reshen itacen, ya rikice a tsakiya, Audi ya karɓa ya ƙarasa da misalin ƙaho da tozo. Mutane suka fi gane na Audi, abin da Malam bai ji daɗinsa sosai ba.

Kafin Dakta Adawiyya ta tafi, ta gaya musu wata damuwarta. Akwai rugage uku a arewa da su da suka hana ta taɓa shanunsu. Suna tsoron in aka sami cuta za a kwashe musu dabbobi ko a hana matansu sayar da nono. Ita kuwa tana so ta san iri nawa ne ke yawo a ƙasar Daura, don a san yadda za a kare masu tatsa.

"Su Arɗo Sabiru ne," in ji Audi. "Shekara ashirin ina sayar musu da bijimai. Ni zan kai ki."

"Kai kaɗai ba za su yarda ba," in ji Malam. "Kowa ya san bakin dillali. Ni na raɗa wa 'ya'yansa suna. Tare za mu."

Ranar Asabar da safe suka shiga motar Dakta, Malam a gaba, Audi a baya da akwatin ƙanƙara a kan cinya. Zinariya da Lami ma suka ce sai sun je, don matan ruga ba za su miƙa wa baƙuwa hannu ba sai sun ga wadda ta miƙa nata ta warke. Aka matsa musu wuri. Tun kafin a fita gari mazan suka fara musu a kan hanyar da ta fi kusa, ta bakin fadama ko ta tudu. Direba ya bi ta Malam, suka tarar ruwa ya cinye ta, aka juyo aka bi ta Audi.

A rugar farko Arɗo Sabiru ya saurare su a tsaye, sanda a kafaɗa. Can cikin bukkoki kuwa Zinariya ta riga ta zauna a tsakiyar mata tana nuna musu yatsunta gaba da baya, Lami na ba da labarin da ƙarin gishiri. Ba a jima ba wata tsohuwa ta fito da hannunta naɗe da tsumma ta nufi inda Dakta take. Arɗo ya bi ta da kallo, ya sauke sandarsa, ya ce a bi shi garke. Ranar sun cika kwalba goma sha huɗu, kuma sai da aka ciyar da su tuwo da man shanu kafin aka bar su suka kama hanyar gida.